Kwatan da Baba Ya Ɓoye a Agogo

Duk layin ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Mai Agogo ake ce masa, 'ya'ya da jikoki kuwa Baba. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai hoto da mai gyaran takalmi: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai gilashin nan da yake maƙalawa a idon dama har ya bar masa shaida a fata. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a sunkuye kan ƙananan haƙoran ƙarfe. An san shi da abu guda, ba ya yi wa mai kawo gyara ƙarya. In agogo ya mutu, zai ce maka ya mutu, ka je ka nemi wani.

A gida ne kawai yake da abin ɓoyo. Tun yaransa suna firamare, da makara ta ishe shi, wata safiya ya hau kujera ya tura dogon hannun agogon falo gaba da kwata, bai gaya wa kowa ba. Ya daidaita na hannunsa da shi don kada a kama shi, shi kuma a zuci yake cire kwatan. Yara suka girma suka watse, kwata yana nan. Kullum yana cewa gobe zai mayar, amma mayarwa tana nufin ya yarda cewa agogon gidan mai gyaran agogo ya shekara da shekaru yana ƙarya. In jika ya ce wayarsa ba haka ta nuna ba, sai Baba ya harare shi.

"Waya ce za ta koya mini lokaci?"

Da hannunsa ya fara rawa, ƙusoshin agogo suka riƙa kuɓuce masa, sai ya rufe shago ba tare da wani ya ce masa ya rufe ba. Ya koma hawa saman bene in rana ta faɗi, ya zauna a kujerar roba yana kallon sama. Ya ce da Mama, matarsa, ita ma sama agogo ce, sai dai ba a taɓa buɗe masa bayanta ya gani ba.

Auta ce ta riƙe wannan magana. Ita ce ƙaramarsu, ma'aikaciyar jinya a wani gari. Da ta zo hutu sai ga ta da ƙaton kwali. A ciki akwai madubin hangen taurari na 'yan koyo, mai ƙafafu uku da ɗan rimot. Ba sai ka san sama ba. Ka gaya masa kwanan wata da lokaci da inda kake, ka nuna masa arewa, shi zai juya wuyansa da kansa ya kai ka wurin tauraron da ka zaɓa. Mama ta zagaya shi ta ce wannan ai igwa ce, sunan kuwa ya bi shi.

Baba ya kasa zama. Ya aika aka kira Direba, tsohon maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, da matar ɗansa da jikoki, a zo a ga tauraro mai zobe. Wajen hawa bene, Auta tana rungume da bututun igwar, sai bakinsa ya ɗan gogi bango. Ba wani bugu ba ne, ko fenti bai kankare ba. Amma Baba yana bayanta, ya gani.

A sama ta kafa ƙafafun, ta danna kwanan wata, ta laluba aljihu za ta ciro waya.

"Bar wayar nan," in ji Baba. "Ga agogo a hannuna."

Ya ɗaga hannu ya karanta da ƙarfi. Yana sane lokacin gida ya faɗa. Kwatan yana bakinsa, amma ga Direba ga jikoki, kuma a ransa ya ce me kwata zai rage wa tauraro. Auta ta ɗan tsaya da yatsa a kan rimot, ta dube shi, sannan ta danna abin da ya ce.

Igwa ta yi ƙara a hankali, ta juya ta nufi wani tauraro mai haske da za ta daidaita kanta da shi. Ta tsaya a gefensa, inda babu komai. Suka lalubo wani na kusa suka ce shi ne. Daga nan komai ya rikice. Aka ce ta je wurin mai zobe, ta kai su baƙin fili.

"Malam, na ga duhu mai kyau," in ji Direba, idonsa a madubi. "Irin wannan ko a ɗakina ina da shi, ban kira kowa ba."

Jikoki suka fashe da dariya. Baba ya juya ya dubi Auta.

"Ai an buga ta a bango wajen hawowa," ya ce. "Abu mai madubi ba ya son haka. Yarinyar nan tun tana ƙarama hannunta ba ya riƙe abu. Ni har mamaki nake yadda ake ba ta allura ta yi wa mutane."

Direba ya daina dariya. Auta ta naɗe wayoyin, ta rufe bakin madubin, ta ce, "Yi haƙuri, Baba," ta sauka.

Sauran kwanakin hutun ta yi su kamar baƙuwa. Tana gaishe shi, tana kai masa magani da ruwa, amma sai ta ɗora a tire ta ajiye a gabansa, ba ta miƙa masa hannu da hannu kamar da. Ba ta ƙara hawa bene ba. Baba yana ganin duk wannan, abinci ya daina wuce masa. Ya riƙa gaya wa kansa cewa wataƙila bugun ne da gaske, ai ya gani da idonsa. Sai dai mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin injin agogo ya san bambancin abin da ya karye da abin da aka saita ba daidai ba. Ƙarar igwar nan lafiyayya ce.

Ana jibi za ta koma, ya hau bene shi kaɗai da faɗuwar rana. Ya daɗe yana fama da maɓallan rimot saboda rawar hannu. Ya sa lokacin gaskiya. Igwa ta juya, ta tsaya daidai kan tauraron, kamar wanda aka kira da sunansa. Bai ma nemi mai zoben ba. Ya kashe ta ya zauna.

Ya sami Mama a kicin tana goge tukunya. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mata ba game da agogon falo.

"Kwatan?" ta ce, ba ta ko juyo ba.

"Kin sani?"

"Malam, wa bai sani ba? Yaran nan tun suna aji uku suke cirewa. Har matar ɗanka, ranar da ta tare aka gaya mata, kamar yadda ake nuna wa amarya inda makunnin wuta yake."

"To me ya hana ku faɗa?"

"Wa zai faɗa maka? Kai?"

Ya jingina da ƙofa. Ashe Auta ta sani sa'ad da ta tsaya da yatsa a kan rimot. Ta san abin da zai faru, ta danna don kada ta ƙaryata agogon ubanta a gaban mutane. Shi kuma a gaban mutanen ya saka mata.

Washegari ya sake aikawa a kira Direba da duk wanda ya zo ranar farko. Auta ta ce tana haɗa kaya, Mama ta ce ta hau, ubanta ne ke kira. Da aka taru Baba ya miƙe, ya ce igwa lafiyarta ƙalau, ba wanda ya buga ta. Shi ya ba ta lokacin ƙarya, kuma yana sane, don agogonsa ya shekara da shekaru yana gaba da kwata.

"Shi ya sa kullum kake ce mini na makara," in ji Direba. "Shekara nawa ina ba ka haƙuri a banza."

Aka yi dariya, har da Mama. Auta ta yi ɗan murmushi, ta ciro waya, ta saita komai. Ta sa jikoki a layi, kowa ya leƙa ya ga ɗan farin ƙwallo da zobensa a karkace. Da layi ya ƙare, saura su biyu a gefen igwa, Baba ya yi ƙasa da murya.

"Auta, kin ji dai abin da na ce."

"Na ji, Baba. Ni ai agogon bai dame ni ba, da shi muka tashi." Ta gyara ƙafar igwa da ba ta buƙatar gyara. "Maganar hannuna ce. Da shi nake aiki. Jiya na yi mafarkin ina neman jijiyar wani yaro na kasa samu."

Duk jawabin da Baba ya kwana yana shiryawa a kan agogo ne.

"Zo ka gani kafin girgije ya rufe," ta ce.

Ya sunkuya ya sa idonsa na dama. Ya ga zoben sarai, ya fi duk yadda ya zata kyau, amma bai daɗe a kai ba.

Da safe ya riga kowa fitowa. Ya ɗauki babbar jakarta, abin da bai taɓa yi wa wani cikin 'ya'yansa ba. Mama ta ce ya ajiye kada ya faɗi, Auta kuwa ba ta hana shi ba. Suka taka har bakin titi, yana sauya jakar daga wannan hannu zuwa wancan. Da mota ta tsaya ya ce in ta isa ta kira, shi da kansa, ba Mama ba.

"To, Baba," ta ce. "In na samu sarari."