Ingilishin Ɗanasabe

A Dungas, duk wanda Ingilishi ya tsaya wa a wuya, rumfar Ɗanasabe mai gyaran takalma ake nuna masa. Shekara goma sha tara ya yi a Ikko yana dako a bakin ruwa, can ya tsinci harshen da kunne, irin na tasha da kasuwa. Ran kasuwa shi ke shiga tsakanin manoma da 'yan kudu masu sayen wake. Bai taɓa cewa ya iya karanta shi ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa.

Jikarsa Surayya, wadda ke karatu a lise, babbar sakandare, a Magarya, ta daɗe tana cika wa ƙawayenta baki da shi. Wata Asabar bayan la'asar ta sauko daga kabu-kabu, ta zauna kan bencinsa.

"Tsoho, yau za a san ko mijin nawa yana da amfani. Aikin gida na Ingilishi mushe, malaminmu, ya ba mu."

"Amarya, ba gaisuwa sai rigima?"

Ta buɗe takarda ta fara karantawa. Doguwar waƙa ce ta wani jarumin zamanin da, baiti kan baiti. Ɗanasabe ya kasa kunne. Ko kalma biyar bai kama ba. Ya sunkuya kan wani silifa yana ta huda shi inda bai tsinke ba, zufa na bin wuyansa. Yarinyar nan tun tana rarrafe take kallonsa kamar wanda ya san komai.

Da ta kai aya ta ɗago tana jira. Ya ajiye basilla.

"Surayya, wannan ba irin nawa ba ne. Nawa na ɗaukar buhu ne. Ban ji komai ba."

Ta ɓata fuska. Ta fara naɗe takardar.

"Tsaya mana. Me ya faɗa, da Hausa?"

Ta faɗa masa a daƙile: jarumin ya dawo daga yaƙi bayan shekaru, ya iso ƙofar garinsu, ya zauna a waje kwana uku bai shiga ba. Mushe yana son su faɗi dalili. Ita ta rubuta girman kai ne, jira yake a fito da tambura.

"A'a," in ji Ɗanasabe. "Tsoro ne. Ran da na dawo, a Mallawa na sauka, na kwana biyu a tasha, ga Dungas nan kusa. Muddin ban shigo ba, duk wanda na bari yana da rai. In na shigo, sai a fara lissafa mini. Innata nake tsoron tambaya."

Surayya ta dube shi. Ba ta taɓa jin wannan ba.

"Ka tarar da ita?"

"Na tarar, Allah Ya jiƙanta. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni ta ce na rame."

Yarinyar ta soke abin da ta rubuta. Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tasa, ta buɗe takardar, ta ɗora yatsa kan baiti na gaba.

"To wannan fa, tsoho? Ya ce da ya shiga bai gane muryar ƙanwarsa ba."

"Bi a hankali," in ji shi, ya ture silifan gefe.