Dutsen da Kawu Ya Hana a Niƙa

Jiya ina kakkaɓe jakar marigayi kawuna sai dutsen nan ya faɗo. Ɗan ƙarami ne, ruwan toka mai ƙyalli, ga nauyi, gefunansa a miƙe kamar an yanka da reza.

Kawu tsohon malamin kimiyya ne a garin Dutsi. Ranar da gwaggo ta ce a niƙa dutsen cikin kwallin jaririyata don idonta ya yi haske, kawu ya dunƙule shi a hannu.

"Akwai dalma a ciki, ɗiyata. Guba ce. Kyansa na kallo ne kawai."

Dangi suka ce boko ya ɓata shi. Har yau suna faɗa. Su yi ta faɗa! Jaririyar nan ta girma, idonta garau, ita da kanta ta karanta mini takardar da ya naɗe dutsen a ciki.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Ba mai niƙa shi ina raye.