Labarin da Aka Riƙe Min Sai da Na Fito

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ɗana. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara a jarida ba. Injiniya nake ce masa. Ni ban yi boko ba. Matarsa Hauwa ce ke rubuta wannan, na kuma ce kada ta gyara min ko kalma ɗaya, har inda maganar ta taɓa ta.

Wankan jego ya kawo ni Kuala Lumpur. Hauwa ta haihu, na zo da niyyar in ta yi arba'in in koma Kano, sai korona ta rufe hanya. Muka zauna a bene can sama a unguwar Bukit Jalil, ba shiga ba fita. Shi yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta, in ya gama sai ya kunna abin da yake so tun yana ƙarami: jiragen yaƙi masu nitso a teku.

Ya nuna min waɗanda ke aiki da nukiliya. Ya ce sukan shiga ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe teku a ƙarshen arewacin duniya, su yi watanni ba su ga rana ba. Ruwan sha da iskar numfashi duk daga ruwan tekun suke samu. In za su fito, sai sun lalubi inda ƙanƙarar ba ta da kauri su fasa. Ya ce, "Inna, mu ma yanzu a ciki muke, sai dai namu jirgin yana da tuwo." Na ce to su yaya suke gane lokacin salla? Ya yi ta dariya.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Ya ce a wasu jiragen, in an yi wa mutum rasuwa a gida, shugaban jirgin yakan riƙe labarin har sai sun fito, tunda ba inda mutum zai je da baƙin cikinsa a can ƙasa. Na ce wannan zalunci ne. Uwarka tana kabari kana cin abinci kana dariya? Ya ce tausayi ne. Na ce, "Ku riƙe tausayinku. Ni in abu ya faru a gaya min a ranar." Hauwa tana wurin, ta ji, ta ce to.

A shekara ta biyu cutar ta shigo gidan. Aka kwantar da ni a wani asibiti, shi a wani. An ɗaura min robar iska a fuska, ban ganin kowa sai ma'aikata cikin fararen riguna har ido. Kullum Hauwa ta kira ta ce, "Inna, a dai ci gaba da addu'a." Na ci gaba. Ina roƙa masa lafiya, ashe gafara yake bukata. An yi masa salla, an binne shi, an yi uku, an yi bakwai, ni ina can ina roƙon Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Ranar da aka sallame ni, sai da na zauna na sha ruwa sannan Hauwa ta durƙusa ta faɗa. Ban yi kuka a gabanta ba. Na ce, "Ba ki ji abin da na ce ba?" Ta ce ta ji. Ta ce kafin a sa masa injin numfashi ya kira ta, ya ce kada a gaya wa Inna sai ta fasa ƙanƙara ta fito.

Na daɗe ba na duban idon yarinyar nan. Har yau ban ce sun yi daidai ba. Kwanakin nan nawa ne, an ɗauke min su, ba mai dawo da su. Amma ina lura. Ita ta karɓi gaisuwar mutane ita kaɗai ta waya, da yaro a baya, sannan ta share fuska ta kira ni da muryar da ba ta rawa. Abin da shugaban jirgi ke ɗauka, ita ta ɗauka.

Yanzu kasuwar Chow Kit ta cika kamar ba a taɓa rufe ta ba, ba mai sa takunkumi. Da yana nan da ya ce, "Kin gani, Inna, mun fito." Da kuma ya ji kunya, don ɗansa Abba in na aike shi sai ya ce min "boleh", wato "to" da yaren mutanen ƙasar nan. Shi ya sa da hanya ta buɗe ban koma ba. Wani lokaci nakan ce ko lissafin da Injiniya ya yi ke nan: a bar tsohuwa ta rayu, yaron ya samu mai yi masa Hausa.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar yaro mai nutsa kwalba a bokitin wanka yana kallon ta taso, da wata gardama da ba mu gama ba. Jiya na ce wa Hauwa in tawa ta zo Abba yana nesa, a gaya masa a ranar. Ta ce to. Na dube ta sosai, na ga irin "to" ɗin da ta yi min a wancan karon ne. 

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka inda yake.