Kaburburan da Bakina Ya Tone

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Kafin in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, bari in gabatar da kaina yadda na saba. Daga Batsari har Safana, ka haɗa da Yasore da duk ƙauyen da babur ke iya shiga, ba a taɓa haihuwar wanda ya iya riƙe makirfo kamar ni ba. Na taɓa yin jawabi a wurin ɗaurin aure har ango ya manta da shi ake yi, ya miƙe yana tafa mini. Na taɓa sa mai ciwon haƙori dariya har haƙorin ya faɗo da kansa, aƙalla haka nake ba da labarin, kuma ba a taɓa ƙaryata ni a gabana ba. In na ce na ga kura, kowa ya san kyanwa na gani, amma sun fi son kurata. Da wannan bakin na zama shugaban wata ƙungiyar matasa, na kuma zauna a kujerar shekara goma sha tara. A lokacin da nake ba ku labari shekaruna arba'in da bakwai, da jikoki biyu, amma a kowace takardar taro talatin da huɗu nake. Duk wata sai na shafa wa gemuna baƙi, har matata ta ce ita dai ba ta san tana auren ƙaninta ba.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har gobe Auta take kirana. Tana aure a wani ɗan ƙauye can bayan Runka. Ɗanta na fari manomi ne, bai kai talatin ba, mutum ne da in kun yi tafiyar yini guda tare sai ka iya ƙirga kalmomin da ya faɗa. Da mijin Yaya ya rasu ban sami zuwa jana'iza ba saboda hanya ba kyau, sai bayan sadakar arba'in na je. Na ce wa yaron nan ya raka ni makabarta. Da shigarmu ban jira a nuna mini ba, na hango sabon kabari a gefe, da ƙayarsa da fasassun tukwane a kai, na durƙusa na ɗaga hannu. Na yi addu'a mai tsawo, na yabi mamaci, har da hawaye. Sai da na kusa shafawa ya taɓa kafaɗata ya ce, Kawu, gero kake yi wa addu'a, na Baba yana can ciki.

A nan ya ba ni labari, don ba yadda zai yi. Sau biyu mutanen daji, 'yan bindiga, suna zuwa bayan kaka su kwashe abin da ke rumbu, su cinna wa saura wuta. Shi ne ya lura cewa duk ta'asarsu ba su taɓa shiga makabarta ba. Ya je wurin liman, dattijo mai tsoron Allah, ya daɗe yana lallashinsa kafin ya yarda, shi ma da sharaɗin a yi a bakin makabarta inda ba a taɓa rufe kowa ba. Suka haƙa ramuka shida, suka shimfiɗa ƙaiƙayi da toka saboda gara, suka naɗe buhunan a leda, suka ja ƙasa kamar yadda ake yi wa kabari. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, amma shi ne abincin ƙauyen har sabon hatsi ya fito. Ya riƙe hannuna ya ce in rufa musu asiri, ko matata kada ta ji. Na dafa ƙirji na ce cikina rijiya ce. Allah Ya gani, wata biyar na riƙe maganar nan, kuma ban taɓa shan wahala irin wannan ba. Labari mai daɗi haka yana cikina yana motsi kamar na haɗiye kwaɗo.

Da damina ta yi nisa sai aka gayyace ni wani taro a Kaduna, na shugabannin matasa masu kawo sauyi a yankunansu. Na saba da irinsa. Otal mai sanyi kamar cikin firji, kati a wuya, shayi da cincin, a raba ku rukuni-rukuni ku yi ta manna 'yan takardu masu launi a bango. Abin da ban shirya masa ba shi ne ranar ƙarshe, da aka ce kowa zai hau ya faɗi wata sabuwar dabara da al'ummarsa ta ƙirƙiro, minti uku kacal. Wata yarinya ta hau ta nuna yadda suke narka leda su yi bulo, aka tafa. Wani ya nuna injin ban ruwa mai aiki da rana, aka miƙe tsaye. Ni kuwa abin da na rubuta shi ne mun share kwata a bakin kasuwa, shi ma shekara uku da suka wuce, kuma ni riƙe lasifika na yi. Na hau na fara karantawa, sai na ga mutane sun sunkuyar da kai cikin wayoyinsu. Wani a layin gaba ya yi hamma har na hango hanjinsa. Malam Edita, tunda nake ba a taɓa yi mini hamma ba. Ban san lokacin da na ninke takardar na sa a aljihu ba, na ce a ba ni tafinta, da Hausa zan yi.

Na ba da labarin kaburburan gero. Na fara da addu'ar da na yi wa buhu, ɗakin ya ɗauki dariya, wayoyi suka ɗago suna ɗaukata. Da na tsaya a nan ma da ɓarnar ta isa, amma ni in aka yi dariya sau ɗaya sai na nemi ta biyu. Ramuka shida suka zama rabin makabarta. Na ce da rana tsaka muke ɗora buhu a makara, mata na kuka, maza na salati. Na ce ba hatsi kaɗai ba, har 'yan kunnen zinare na mata da abin da aka samu a cinikin shanu, duk a ƙasa suke kwance suna jiran tashin alƙiyama. Na ce ni na kawo dabarar. Ban faɗi sunan ƙauyen ba, da wannan na daɗe ina kare kaina, amma na ce garin da yayata ke aure a bayan Runka, kuma a yankinmu ko akuya ta san inda yayata ke aure. Aka miƙe ana tafi. Shugabar taron ta share hawayen dariya ta ce ba ta taɓa jin hikima irin wannan ba, aka miƙa mini wani allon gilashi mai sunana.

Kafin motar da na hau ta iso Katsina, masu taron sun yanko jawabin sun saka a shafinsu. Ranar kasuwar Batsari na shiga ana nuna ni, a rumfar masu cajin waya mutane sun yi da'ira suna kallona a waya suna ƙyaƙyatawa. Da yamma ɗan yayata ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, sai da ya gaishe ni sosai, ya tambayi iyali da gajiyar hanya, sannan ya ce don girman Allah in sa a cire bidiyon. Ni kuma na yi dariya. Na ce masa ya daina ƙauyanci, wa ke da data a daji, kuma ai sunan garinsu na ɗaga, watakila ma a kawo musu tallafi. Ya ce to Kawu, ya kashe. Sai bayan kwana uku, da Yaya da kanta ta kira tana cewa Auta me muka yi maka, na nemi shugabar taron. Ta ce ai kuwa wannan ne bidiyon da aka fi kallo a duk abin da suka saka, amma za su duba. Sun cire daga baya. Lokacin ya riga ya shiga kowace waya, ana tura wa juna a kasuwa kamar goro.

Mutanen ƙauyen sun fara kwashe ramukan, amma ana ruwa, ba su da inda za su kai, biyu kawai suka buɗe. Wata safiya da hantsi babura suka shigo. Abin da ya biyo baya a bakin wani maƙwabcin Yaya na ji, kuma wannan karon ba zan ƙara ko gishiri ba. Aka tara maza aka kora su makabarta, aka ce kowa ya ɗauko fartanya da shebur. Babban cikinsu ya fito da waya ya kunna jawabina, ya ƙure murya. Muryata ce ta cika makabartar, da tafin mutanen otal a bayanta. Duk inda na yi barkwanci sai su yi dariya, su maido baya su sake ji. Ɗan yayata ya fito da kansa ya ce shi ya yi, ya nuna musu ramukan huɗu da suka rage, ya ce su ɗauka su bar mutane. Suka loda hatsin. Sannan babban ya ce saura zinaren.

Ɗan yayata ya rantse musu babu. Liman ya rantse da Alƙur'ani babu, ya ce mai maganar nan maƙaryaci ne sananne, a tambayi kowa. Suka ce maƙaryaci ne amma ga gero ya fito inda ya ce. Suka fara nuna kaburbura da bakin bindiga, duk wanda ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba a tone. Mutane suka tone 'yan uwansu da hannunsu, ƙasa jiƙe da ruwan sama. Wani ya tone 'yarsa da ba ta yi wata biyu ba. Da aka zo kan na mijin Yaya, wanda ya fi kowanne tudu saboda yaron nan na zuwa yana gyara shi, sai suka ce lallai nan ne. Yaron ya ƙi ɗaga shebur. Suka kwantar da hannunsa na dama a kan dutse suka daka da gindin bindiga, sannan suka ce ya tone da na hagu. Ya tone har ya kai itace, suka sa ya ɗaga, suka leƙa. Sai bayan azahar suka gaji suka tafi, suna zagin mutanen garin wai sun riga sun kwashe.

Ƙauyen ya watse a makon. An sake rufe matattu, an ɗaure kaya, an bar gero a gona yana fitar da kai. Liman bai sake jan salla ba, ya ce shi ya ba da izini a raɓi makabarta. Yaya ta zo Batsari da yaranta, na gyara mata ɗaki biyu a gidana, ta wuce ta bakin ƙofata ta sauka a wani kango marar rufin kirki tare da sauran mutanen ƙauyen. Na aika buhun masara aka dawo mini da shi ko ɗinkin ba a farke ba. Hannun ɗanta ya warke a karkace, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, manomin da ba zai ƙara riƙe garma ba. Ni kuwa ba wanda ya doke ni, ba wanda ya kai ni ƙara. Mutane dai sun daina dariya in na shigo majalisa, sai a matsa mini wuri a ci gaba da shiru. Masu taron ma sun sake gayyatata a shekara ta gaba, wai in zo in horar da matasa yadda ake ba da labari.

Ban ce tarukan nan ba su da amfani ba, na ga yara masu ƙwazo na gaskiya a ciki. Amma ina roƙon duk wanda za a rataya wa kati a wuya daga yankin da ake fama da bala'i irin namu, kafin ya buɗe baki ya tambayi kansa labarin wa zai bayar, kuma mai labarin ya yarda ko bai yarda ba. Akwai dabarar da ranta ɓoyewa ne, in ka nuna ta ka kashe ta, ka kashe masu ita. Mutanen da ke tafa maka za su koma gidajensu masu katanga, wanda ka yi magana a kansa yana can bakin daji. Ku ma masu shirya taro, ku riƙa tunani kafin ku saki bidiyo, mutanen daji na da waya, kuma sun fi ku sauraro da kyau. Masu ƙarin gishiri irina, mun ɗauka kowa ya san wasa muke yi. Ba kowa ba.

Sai da aka shekara na iya zuwa kangon. Na sami ɗan yayata zaune a tabarma yana koyon saƙar igiya da hannu ɗaya, Yaya na ciki ba ta fito ba. Na tsuguna, ni da nake kawunsa, na yi ta magana. Na ce ni ba mutum ba ne, na ce da za a yanke harshena a jefa wa karnuka da na gode, na ce ban ƙara barci ba tun ranar, na ce ko a kabarina wannan abin ba zai bar ni ba. Na yi kuka har da majina. Ya bar ni sai da na gama, bai ɗago daga igiyarsa ba, sannan ya ce:

"Na ji, Kawu. Na san wannan ma sai ka ba da labarinsa. Don Allah ka bar shi yadda yake, ya isa, ba sai ka ƙara ba."