Tukwanen Marka a Baranda

Duk wanda ya san Marka a ƙauyensu na bayan Kafur ya san ta da fartanya a kafaɗa. Bamagujiya ce, kuma a wajensu mace ba ta zama ba gayauna, 'yar gonarta ta kanta. Da mijinta Baƙo ya rasu, bayan samun 'yancin kai da kaɗan, ɗanta Sanda mai aiki a injin gurzar auduga ya ɗauko ta zuwa Funtua. Ɗaki ya kama a saman benen Alhaji Maiwada, da wata 'yar baranda wadda ko akuya ba za ta juya a cikinta ba.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Marka ta tuka igiyar rama, ta saƙa ragaya irin wadda ake rataye ƙwarya a ɗaka, ta tsinto tsagaggun tukwane ta cika su da ƙasa da taki, ta rataye su a bakin azara. Ta shuka barkono da yakuwa, da irin gautan gayaunarta da ta ƙullo a bakin zane. Kafin damina ta yi nisa baranda ta yi kore shar.

Sai dai matan gidan ba ganye suke gani ba. Arniya suke gani da tukwane a rataye. In ta sauko ɗibar ruwa sai hira ta mutu, a janye yara. Marka ta san sunan da ake shirin laƙaba mata, ta kuma san wadda aka kira mayya ba ta sake samun wurin zama, ita da ɗanta. Tsoro ya shige ta, har ban ruwa take yi a ɓoye kamar mai sata.

Ana nan ƙyanda ta kama Lauratu, jaririyar Sakinatu matar Alhaji. Sanda ya ce, "Inna, ki sauke tukwanen nan, mutane na magana."

"Bari gautan ya nuna, in sami iri," in ji ta.

Abin da ba ta lura da shi ba, ragaya a ɗaka take zama, ba ta ganin ruwa. Tata kuwa kullum a jiƙe take. Wata ranar da hantsi ta ji wani ɗan ƙara, ta duba, sai ga igiyar tukunyar gautan ta ruɓe, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa ƙasa. Daidai ƙarƙashin tukunyar aka shimfiɗa wa Lauratu tabarma a inuwa.

Ta miƙa jiki ta rungumo tukunyar, amma nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi ƙarfin tsohuwa, ta kasa jawo ta ciki. Sakinatu na can gefe tana tankaɗe.

"Uwargida," in ji Marka, "ɗauke yarinyar nan."

Sakinatu ta ɗago kai, ta ga matar da take tsoro rungume da tukunya a saman 'yarta. Sai ta daskare.

"Me kike nufi da ita?"

"Don Allahn da ya yi ki, ɗauke ta. Hannuna ya mutu."

Marka ta ji tukunyar na zamewa a ƙirjinta, ta rufe ido. Ta ji gudun ƙafa, sannan ta ji tim. Da ta buɗe ido, ƙasa da gutsattsarin tukunya sun rufe tabarmar, Lauratu na tsala kuka a kafaɗar uwarta.

Kafin azahar Marka ta sa wuƙa ta yanke ragayar duka, ta ɗaure 'yan kayanta, ta zauna jiran kora. Da la'asar ta ji ana hawowa bene. Sakinatu ce, wadda ba ta taɓa tako wurin ba, riƙe da gautan da saiwarsa a cikin ƙoƙo.

"Iya, ga abinki. Bai mutu ba."

Lauratu ta warke. Har yau a unguwar akwai masu cewa Marka ta ceci yarinyar, akwai masu cewa jifa ta yi ta kuskure. Ta sake dasa gautan a daɓen baranda, ya ci, ta raba iri. Amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara rataye komai ba. Ko ƙwaryar furarta a ƙasa take ajiye ta.