Ɗanmusa Mai Gyaran Gem da Hannun Daman Modibbo

Kafin man ƙosaina ya yi zafi, Malam Ɗanmusa ya riga ya buɗe shagonsa. Zai share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa wani tsohon tawul a kan tebur, ya jera sukundireba manya da ƙanana kamar mai shirin yi wa jariri aski. Sannan ya leƙo ya ce, "Gwaggo, mun kwana lafiya? Wa aka saka jiya?" Wai ni yake tsokana, don ya san babu auren da zai mutu a unguwarmu ta Takur ban ji ba.

Da gyaran rediyo ya fara, ya koma bidiyo, da zamani ya juya ya zama mai gyaran gem, akwatin nan da ake jona wa talabijin a buga ƙwallo ko a yi tseren mota da yatsu. Yanzu ido ya fara gardama, ya ce zai rufe shago ya koma gona a Kafin Hausa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana kusa.

Laifinsa ɗaya, ba ya ba da labari. Magidanta sun sha kawo gem a buhu su ce na yara ne, alhali matan nan suke zuwa sayen ƙosai suna yi mini ƙorafin maigida ya hana yaran taɓawa. In na tambaye shi sai ya ce, "Gwaggo, ni waya nake jonawa, ba mutane ba."

To ga wanda ya fi ci mini rai.

Modibbo, malamin makarantar allo na bayan layinmu, kowa ya san ra'ayinsa a kan gem. Ya taɓa tsayawa bayan sallar Magariba ya ce shagon Ɗanmusa ne ke raba yara da karatu, har aka yi ta maganar a tashe shi daga unguwa. Tun daga ranar, duk yaron da ya zo shago lokacin makaranta, Ɗanmusa korarsa yake yi.

Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Modibbo, ya tafi da hannun dama. Ga shi yana tsakiyar rubuta Alƙur'ani da hannunsa, aikin da ya ɗauko tun gemunsa da sauran baƙi. Mai koya masa motsa gaɓɓai a asibiti ta ce lallai yatsun su riƙa aiki. An ba shi ƙwallon roba ya matsa, ya yi wurgi da ita. Sai 'yarsa Zulaihatu, bazawara mai wayon tsiya, ta aro gem ɗin ƙanin tsohon mijinta, ta jona a ƙuryar ɗaki, ta sa tseren mota, ta fita ta ja ƙofa. Da ta dawo, mahaifin nata yana ta karo da bango da motar wasan yana salati.

Gem ɗin irin wanda aka buɗe wa kai ne, aka ɗura masa wasanni a ciki, ba sai da faifai ba. Irin wannan ba ya son abin da yara ke kira afdet, wato saƙon da kamfani ke turowa don sabunta ƙwaƙwalwarsa. Wata rana Zulaihatu ta bar shi jone da datar wayarta, rubutun Turanci ya fito. Modibbo Larabci da ajami ya sani, kuma kunya ta hana shi kiran kowa. Ya danna madannin da ya saba dannawa. Abu ya fara loda, ya kai rabi, aka ɗauke wuta.

Washegari da rana tsaka Zulaihatu ta iso shagon Ɗanmusa da kwando a ka, an rufe da zane kamar kayan biki. Ni kuwa na bar kasko na matso, wai ina neman ashana.

"Baba, nawa ne ya ƙi tashi," in ji ta.

"Naki?"

"Nawa."

Ta fito da gem daga kwandon, ya jona. Gem ya yi ƙara, ya nuna tambarinsa, allo ya yi baƙi, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Kamar mai waswasi a sahu, yana ta maimaita kabbara ya kasa shiga salla. Ɗanmusa ya ɗauki abin riƙewar da ake buga wasan da shi, ya juya shi, na ga ya kai hanci. Ni ma daga inda nake na jiyo man zafi da miski. Wace bazawara ce ke shafa miski da man zafi a hannu?

Ya danne madannin kunnawa bai saki ba, har ya yi ƙara ta biyu. Sai ga baƙin allo da farin rubutu layi-layi. Ya nuna na ƙasa ya ce, "Wannan in na danna, kafin La'asar kin tafi da abinki. Amma zai goge komai, ya dawo kamar yau aka saya."

Zulaihatu ta dafe ƙirji. "A'a Baba, don Allah! Duk tseren da aka ci yana ciki. Da shi ake gane ko hannu... ko ana samun ci gaba. In aka ce a koma farko, wallahi ba za a sake taɓawa ba. Tun jiya ko abinci an ƙi ci."

"Ke ce kika ƙi cin abincin?" na ce.

"Gwaggo, ƙosanki na ƙonewa," in ji Ɗanmusa, ko kallona bai yi ba.

Sai ya bi doguwar hanya. Ya kwance ma'ajiyar da ke cikin akwatin ya duba lafiyarta, ya mayar. Ya canja kebul, ya ce wani lokaci ƙaramin abu ke sa a zargi babba. Ya nemo manhajar da ta dace ya zuba a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, gem ya ƙi karɓa. Ya sake nemo wata. Da zai ɗura, bai yarda da wutar gari ba, janareto ya tayar, ya zauna a gabansa ya hana kowa gilmawa kusa da waya. Kwanaki ya yi yana wannan fama da idon da ke yi masa ruwa, ya ture aikin wasu. Ni kuma kullum da irin tambayar da nake zuwa da ita.

"Ɗanmusa, tsakaninka da Allah, gem ɗin wa ye?"

"Na mai shi ne, Gwaggo."

Ran da gem ɗin ya tashi, ya duba ya ga tseren na nan yadda aka bar shi. Ya kashe hanyar da saƙon kamfani ke shigowa. Ya kuma sassauta madannan ɓangaren dama, ya ce wa Zulaihatu, "Ki ce wa mai shi ba sai an danna da ƙarfi ba yanzu. Allah ya ƙara sauƙi." Ta sunkuyar da kai, ta rufe kwandonta.

Kai ne mutumin da aka nemi tasa daga unguwa, Ɗanmusa. Kai ne Allah ya kawo maka sirrin wanda ya nemi tashin naka har kan tebur, ga ni a gefe da kunne a buɗe, kalma ɗaya za ka furta kafin Isha'i Dutse ta ɗauka. Ka haɗiye. Na ji haushinka a lokacin, ba zan ɓoye ba.

To ta ina na samu labarin? Daga bakin mai shi. Watan jiya aka yi walimar kammala rubutun Modibbo. Shafukan ƙarshe rubutun na ɗan rawa, amma nasa ne. Ya sa aka kira Ɗanmusa gaban jama'a, ya faɗi komai, har da karo da bango. Ya ce har gobe bai yarda yaro ya bar allo ya tafi gem ba, amma ya zalunci bawan Allahn nan, yana neman afuwa. Na ce, "Allah gafarta Malam, in baza?" Ya ce, "Hajiya, ko na hana ai bazawa za ki yi."

Mun gode, Ɗanmusa. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa gero ya yi kyau. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, na waya da na gem, kayan mutane na zuwa muku da asirinsu a ciki. Ku gyara, ku mayar, ku yi shiru, kamar yadda ya yi. Tsegumi ku bar mana, muna da masu yi.

Da aka tashi daga walimar, Modibbo ya miƙa masa hannu suka gaisa. Na matsa kusa na duba da kyau, don kada a ba ni labari. Hannun dama ne.