Kakannin da Toktosun Ya Jefo

A garin Karakol, wanda bai iya jero sunayen kakanninsa bakwai ba, ko a wurin biki bakin ƙofa yake zama. Toktosun kuwa a gidan marayu ya tashi, ko sunan ubansa bai sani ba. Shi ya sa ya ƙago wasan nan da ya jawo masa suna da baƙin jini.

Ana kewaye tebur ne, kowa ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labari ya zama shi, Toktosun yana jan zaren labarin. In an zo wurin sa'a, a jefa ƙashin idon sawun tunkiya. Amma kafin a fara, kowa zai jefa sau bakwai, kowace jifa ta ba shi kaka: wannan makiyayin dawaki, wancan ɓarawon raƙuma, wani ya mutu yana waƙa cikin ƙanƙara.

Matasa suka haukace a kan wasan. Dattawa suka ce ana caca da asali. Abokin aikinsa ya raba gari da shi, masu shaguna suka mayar masa da akwatunan wasan da ya kai musu sayarwa. Ko a jikinsa, don tuni ya jefo nasa bakwai ɗin, kuma yana ƙaunarsu har zuci. In yana tafe bakin tafki sai ya ji su a bayansa kan dawakai, suna gardama a kan ciyawar bara.

Sai aka zo neman auren 'yarsa Aizirek. Ba a ba da mace sai an ji kakanni, kada jini ya auri jini.

"Ka jero musu na wasan mana," in ji matarsa Burul. "Kullum kana shara wa 'ya'yan mutane ƙarya a tebur, ta 'yarka ce za ta gagare ka?"

Ranar, bayan an ajiye kan tunkiya gaban kakan saurayin, tsohon ya dubi Toktosun.

"Ɗana, su wa suka haife ka?"

Sunayen suka taho har bakin harshe. Ya hango kakanninsa na wasa cirko-cirko a ƙofa, riƙe da linzami, suna jira a kira su. Ya dubi Aizirek tana zuba shayi. Wata rana 'ya'yanta za su yi wa sunayen nan addu'a.

"Baba, ban san kowa ba. Daga kaina aka fara."

Kakannin nan na bakin ƙofa suka juya dawakai suka tafi.

"Da na ji labarin wasanka na ce wannan mahaukaci ne," in ji tsohon. "Ashe maraya ne." Ya ciro idon tunkiyar ya raba biyu, ya miƙa masa rabi, yadda ake yi wa wanda ake so a ci gaba da gani.

Toktosun ya tauna yana hawaye, Burul ta ɗauka murna ce. Makokin mutum bakwai yake yi, kuma ba wanda zai zo masa gaisuwa.